Kafin Tawada Ta Bushe

Kalandar bana ba ta gama miƙewa a bango ba,
har an fara leƙo ni ta taga:
"Uwale, me za ku fitar?"
Sai ka ce ni mai duba ce.
To, mai duban ce,
amma ban iya bugun ƙasa ba, kure nake farauta,
a lungun wata maɗaba'a a Fagge,
tsakanin injin Tasi'u da tulin takarda,
jan biro a hannu, tabarau ɗaure da zare.
Ƙugiya ɗaya in ta faɗi,
sai baƙi su koma baki,
ni ce mai tsinto ta in maƙala.

Labari kuke so? Ku matso.

Malam Sadisu na Gwale, da ya koyar da labarin ƙasa
har allo ya gaji da shi,
ya bi kududdufan birni da aka cike aka dasa shaguna,
kowanne da sunansa,
da tarwaɗar da ya kama a ciki yana yaro.
Shafi ɗari biyu da sha ɗaya, aya ba ta kai goma ba.
Na yi magana, ya ce aya ta mai gaggawa ce.
Na saka masa a ɓoye. Watan uku zai fito.

Furera mai aikin dare a asibiti
ta kawo nata cikin leda, yana warin magani.
Labarin wata mai shara ce a ɗakin haihuwa
da ta haddace kukan farko na rabin unguwa.
A shafi na casa'in idona ya yi ruwa,
kure biyu suka tsere mini a nan.
In kun ci karo da su, ku gaishe su, ku wuce.

Sai Lawandi ɗan adaidaita.
A cunkoson Ƙofar Nassarawa ya tsara baitocinsa,
babban yatsa a waya, ƙafa a birki.
Aka zare wayar a Kwari.
Ya zauna ya sake zubo su daga ka,
ya ce na biyun sun fi gishiri,
bugun farko kuwa yana hannun ɓarawo,
Allah ya sa ya iya karatu.

Akwai na yara, mai ƙadangare da hular sanyi.
Mai zanen ya ba shi ƙafa biyar.
Muna kan shawara.

Wannan shi ne na faɗa a taga.

Wanda ba na faɗa yana cikin durowa ta ƙasa,
shekara uku ke nan, an ɗaure shi da igiyar buhu.
Na Baba Ɗanlasan ne, tela a Mandawari,
tarihin allura da mutanen da ta ciyar.
Duk sanda aka ce za a hau shi,
sai kuɗin takarda ya riga mu hawa.
Kowace Alhamis yakan zo,
ya zauna a kan benci, ya sha shayin Tasi'u,
ya yi zancen tsadar gero, ya yi na ciwon gwiwa,
sai ya miƙe, ya kai ƙofa, sannan ya juyo:
"Ko da labari?"
In ce, "Baba, bana dai."
Bara ma haka na ce.

Jiya da magariba wuta ta ɗauke,
injin ya yi tari, ya yi shiru.
Maigida ya fita neman mai.
Na haska waya, na jawo durowa,
na kwance igiyar, na busa ƙurar bango,
na ɗora shi a saman jerin gobe,
kan Lawandi, kan Furera, kan ƙadangare.

Da safe maigida zai gani.
Na riga na shirya fuskar da zan yi.